Ranar da Inna Ta Ga Ɗanta a Gaban Alƙali

Ni na jawo abin, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Maƙwabcina ne a Dengfeng, unguwarmu a nan ƙasar Sin, mutumin Maradi, mai sarin jakunkuna. Motar kaya ta buge shi a hanyar dawowa daga kasuwar jakunkuna ta Shiling, hannunsa ya karye, magana ta kai kotu. Shi aka cuta, kowa ya sani.

A nan akan nuna wasu shari'o'in kai tsaye a intanet, kyamara na jikin bango tana ɗaukar kowa. Abin ya burge ni ƙwarai. Na sha cika baki a gidan abinci cewa da haka ake yi a gida, da alƙalai sun shiga taitayinsu. Ranar zaman kuwa, ko shawararsa ban nema ba, na tura wa ƙaninsa inda za su kalla, wai su ga yadda ake ƙwato wa ɗansu haƙƙinsa. Kaico, shisshigi ne kawai.

Da maƙwabcin nawa ya shiga kotun, sai ya yi abin da aka rene mu a kai. Ya rusuna, ya sunkuyar da kai. Duk tambayar da alƙali ya yi ta bakin tafinta, ƙasa yake kallo yana amsawa a hankali. Direban motar kuwa yana tsaye ƙyam, ido cikin ido, yana ta zuba.

Can Maradi an taru a kan waya ɗaya, babu mai jin Sinanci ko kalma guda. Ɗansu kawai suka gani gaban alƙali, kai a ƙasa, ga ɗan sanda a bakin ƙofa. Kafin azahar mata sun fara shigowa yi wa mahaifiyarsa jaje.

Kotu ta ba shi gaskiya. Har yanzu ina son a bar mutane su ga shari'a, amma ban ƙara cika bakin nan ba, don ban taɓa tunanin wanda zai gani bai ji ba.

Ina zaune a ɗakinsa ya kira mahaifiyar tasa, ina jin muryarta.

"Inna, wallahi ni na kai ƙara."

"To in ba ka yi laifi ba, me ya hana ka ɗaga kai?"

"Ke kika hana ni kallon idon manya, Inna."

Sai ta ce, "Ka dai dawo gida."