Fadar da Mace Ta Sake Ginawa

Mun zo Kuala Lumpur ganin 'yarmu da ta haifi ɗa namiji, sai annoba ta sa aka rufe ƙasa. Muna gidansu a Wangsa Maju aka bugo waya daga Kano cewa yayar matata Hajiya ta rasu. Ba jirgi, ba zaman makoki. Daga ranar Hajiya ta shige ɗaki ta juya wa duniya baya. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu, jikan ma ta daina ɗauka.

Ni kuwa lokacin nake koyon karatun boko, da furfurata. A kabad muka tsinci littafin hotuna da wani ɗan haya ya bari, na fadar wani sarki a kudancin Indiya. 'Yata takan rubuta mini bayanin kowane hoto da Hausa, ni kuma bayan la'asar in zauna bakin gadon Hajiya ina haɗa baƙi da ƙarfi. Na karanta mata dogayen ginshiƙai, da rufin gilashi mai zanen ɗawisu, da ƙofofin azurfa. Ko tari ba ta yi ba.

Wata rana na zo kan tarihin. Ashe fadar farko ta katako ce, gobara ta cinye ta ana tsakiyar bikin 'yar sarki. Sarkin ya riga ya rasu, magajinsa yaro ne, uwar yaron ke riƙon ƙasa. A nan wata kalma ta maƙale mini.

"Malam," in ji Hajiya, fuskarta na bango, "kafin ka gama layin nan ai wata gobarar ta tashi. Sai matar ta yi yaya?"

"Haƙuri, Hajiya, ɗan aji ɗaya ne."

Na lallaɓa har na kai. Uwar yaron cewa ta yi a sake gini, amma da dutse da ƙarfe, kada wuta ta ƙara samun abin ci.

Hajiya ta tashi zaune ta karɓe littafin. Ta daɗe tana kallon jajayen ƙubbobin fadar.

"Ga rashin miji, ga gobara, kuma ta tsaya kan magina," ta ce. Ta buɗe wani shafin. "Wannan uban tsakar gida kuma, wa ke share shi?"

Ta ɗaura ɗankwali ta fito falo da littafin a hammata.

"Ke," ta ce wa 'yarmu, "miƙo min angon nan nawa, in nuna masa gidan da zai gina mini."