Baba Muntaka, mai karnukan Abhur

Da an sallame Asuba, Baba Muntaka zai cire rigar sallarsa ya rataye, ya saka wata tsohuwar jallabiya da ya ware don karnuka kawai, ya ɗauki bokitin ragowar shinkafa ya nufi kangon da ke bayan gidan da yake gadi a unguwar Abhur, a ƙasa mai tsarki. Shekara ashirin da biyu ke nan. Turawa in kwangilarsu ta ƙare sai su hau jirgi su bar karensu a bakin ƙofa, shi kuma ya kwashe. 'Yan'uwansa Hausawan unguwar Bab Makka sun yi masa dariya har sun gaji.

Sau ɗaya ya taɓa kai kare gidan marayun dabbobi, wani da wasu matan Turawa suka buɗe. Karya ce mota ta karya wa ƙafa, yana kiran ta Gurguwa. Aka ba shi takarda ya dangwala, a zatonsa ta magani ce, ashe sallama ta ya yi. Da ya koma ɗaukar ta, magatakardan gidan ya ce sai ya kawo iƙama, wato takardar izinin zama, da wasiƙar kafili mai tsaya masa, da shaidar gida mai fili.

"Ni fa na kawo ta, ɗana," in ji Baba.

"Halas, ya ammi, doka ce," in ji magatakardan, wato shi ke nan, baffa.

Mutumin da ya zo Umara ya maƙale, ina zai samo iƙama? Direban gidan da yake gadi, Abdulghaffar, ya ce ranar ya ga dattijon nan yana kuka a bakin titi.

Tun daga nan ya kama bin masu gonaki da makiyayan bayan gari yana ba su karnukan kyauta. Ba ya neman takarda. Tambayarsa ɗaya ce: "Akwai inuwa da ruwa?"

Baba, kai ne uban waɗanda ko jifa ba a yi musu da tausayi. Mun gode, Allah ya saka maka.

Amma gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Ranar Asabar zai miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi Najeriya. Karnuka bakwai suka rage a kangon, kuma kowa ya san masu zuba wa karnuka guba ba sa tsallake kango. Wallahi abin yana ci mini rai. Duk mai gona ko garke, don Allah ya je ya karɓi ko ɗaya ne. Mako biyu muna cigiya, mutum ɗaya ne ya zo, shi ma kyanwa yake nema.