Ranar da na ce gaiwar mahaifina ba kifi ba ce

Shekarun baya, ina aji huɗu na sakandare a Kaura Namoda, malaminmu na kimiyya ya koya mana yadda ake rarraba dabbobi gida-gida. Ya nuna mana hoton wata halitta mai suna salamanda: doguwa, mai ƙananan ƙafafu huɗu, tana zaune a ruwa. Ya ce kamar kifi take a ido, amma dangin kwaɗo ce. Na haddace, ina ji kamar ni na gano ta.

Da hutun rani na koma ƙauyenmu kusa da Zurmi. Mahaifina masunci ne. Idan tafki ya ƙafe, yakan tono gaiwa daga busasshiyar laka ya kai kasuwa. Ran nan yana zaune da abokansa, gaiwa jibge a gabansa, na hango wasu siraran abubuwa huɗu kamar ƙafafu da ke jikinta. Sai na gyara murya.

"Baba, wannan fa ba kifi ba ne. Salamanda ce, dangin kwaɗo."

Aka bushe da dariya. Wani abokinsa ya ce, "Ashe kwaɗi kake ciyar da mu shekara da shekaru!"

Mahaifina ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake tonon wagga aba. Kifi ce."

Na ce, "Littafi ba ya ƙarya, Baba."

Kafin hutu ya ƙare, har a kasuwa ana tsokanarsa da Sarkin Kwaɗi.

Da za ni makaranta na tafi da guda a tulu, don malam ya yaba mini. Ya juya ta ya ce, "Ina yatsun? Salamanda tana da yatsu, kuma babu ita a ƙasarmu. Wannan kifi ne mai huhu. Mahaifinka ya fi ka gaskiya."

Na so in rubuta wa mahaifina wasiƙa, girman kai ya hana ni. Na ce sai hutu, in faɗa masa baki da baki. Saura sati biyu hutun, kawuna ya zo ya ce in haɗa kayana. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke mahaifina. Ko jana'iza ban samu ba.

A zaman makoki na matsa kusa da abokin nan nasa na ce, "Baba, ni ne ban sani ba. Gaiwa kifi ce."

Ya ce, "Yaro, wa bai sani ba? Mu wasa muke yi. Shi ma ba dariyarmu ta dame shi ba. Cewa ya yi, ya sa ka makaranta, ka dawo ba ka yarda da shi."

Ni ma daga baya koyarwa na yi har na yi ritaya. Na amsa kuskure gaban ɗalibai ba adadi, bai taɓa yi mini wuya ba. Na mutum ɗaya ne na jinkirta, ga shi har na yi furfura ina ɗauke da shi. Allah Ya jiƙan Baba.