Na'urar Yaya Haladu Mai Wat Biyar

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai wana, Yaya Haladu, makwancinsa a Jibiya, kuma wallahi har yau ban huce ba.

Gyaran rediyo yake a bakin hanyar Magama, amma ransa na kan wata 'yar na'urar magana ta iska da ya harhaɗa da hannunsa, ya yanki lasisinta. Ƙarfin wutarta wat biyar ne kacal, batirin babur ke tayar da ita. Da ita yake hira da amininsa Isufu na Maraɗi duk la'asar. Al'adar masu wannan harka ita ce kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiyar yadda yake jin muryarsa. Yaya yakan ce yin ƙarya a nan cin amana ne.

Sai wani alhaji mai fataucin wake a unguwarmu ya sayo tasa, ƙatuwa, mai cin janareta. Da ya ji Yaya ya fara kira, sai ya hau layin ya danne shi, yana dariya wai sauro ya fito.

A ciwon ajalin Yaya iyakar ƙasa tana rufe, waya kuma ba sabis. Ya ce in jawo masa na'urar bakin gado, zai nemi gafarar Isufu. Sau uku yana kira da 'yar muryar da ta rage masa, sau uku alhajin nan yana rufe shi da zancen farashin wake. Isufu bai ji ko kalma ɗaya ba. Washegari Yaya ya cika.

Da zai leƙo yau, da ya ga abin mamaki. Fetur ya gagara, ƙatuwar na'urar ta zama matattarar yanar gizo. Alhaji ya koma ƙarama, irin wadda yake wa dariya. Ta Yaya kuwa tana hannuna, na yanki lasisina, batirin babur na nan na aiki.

Makon jiya Alhaji ya kira ni ta na'ura, muryarsa tangaran, yana roƙon in faɗa masa ko tana fita. Na bar shi ya maimaita sau uku, sannan na danna maɓallin magana.

"Alhaji, ba na jin ka."

Na san Yaya ba zai so haka ba. Ya bar mini na'ura, ya bar mini iya aiki. Haƙurinsa ne ya tafi da shi kabari, ni ban gada ba.