Takardar da Auta Ya Saka wa Leda

Sista ake ce mata tun tana da shekara ashirin da huɗu, har sunan ya cinye na yanka. Mahaifiyarta ma da shi ta riƙa kiranta har ta bar duniya. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. Tana da hannun samun jijiya: majinyacin da likita biyu suka huda suka gaji, ita ake kira, ta shafa sau ɗaya ta sa allura. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma da haƙuri da gadon da aka gyara a karkace. Ɗaliban jinya da suka bi ta hannunta sun san ƙarar takalminta tun daga bakin baranda.

Da mijinta ya rasu, 'yarta da ke aure a wata ƙasa ta matsa sai ta koma wurinsu. "Mama, nan ido rufe suke neman nas. Wata shida kin fara aiki." Sista ta haɗa takardunta a jaka ta tafi.

Neman nas ɗin gaskiya ne. Sai dai a can ba ka taɓa majinyaci da sunan nas sai hukumar jinya ta ba ka lasisi, hukumar kuwa matakai gare ta. Da farko jarrabawar harshe, a tabbatar kana ji kana mayarwa. Sai wasiƙa daga hukumar jinya ta ƙasarku, cewa ba a taɓa kama ka da laifi a bakin aiki ba. Sai makarantar da ka yi ta aiko da cikakken sakamakonka, darasi-darasi, da yawan sa'o'in da ka yi a kowane ɗakin asibiti. In duk sun haɗu a fayil ɗinka, sannan a sa maka ranar babbar jarrabawa. Abin da 'yar ba ta sani ba shi ne, sakamakon jarrabawar harshe shekara biyu kawai yake aiki. In sauran takardu ba su iso kafin nan ba, ya mutu, sai ka koma farko.

Sista ta ci jarrabawar harshe a zama ɗaya. Wasiƙar hukumar gida ta cinye wata takwas kafin ta iso. Ta makaranta ta rage.

Ba ta iya zaman gida ba, sai ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi, a matsayin mai taimako. Wanka, canza zanen gado, ba da abinci a baki, juya wanda ba ya iya juyawa. Akwatin magunguna a kulle yake, makullin yana wuyan wata nas da ba ta kai 'yar Sista shekaru ba. Wata safiya tana sa wa wani tsoho safa, ta ga diddigensa ya yi ja, ta danna da yatsa, jan bai gushe ba. Ta je ta sami nas ɗin.

"Diddigen mai ɗaki na tara zai buɗe. A ɗaga shi daga katifa yau."

"Kin rubuta a littafi?"

"Na rubuta. Amma littafi ba ya ɗaga ƙafa."

"Aikinki ki rubuta abin da kika gani," in ji yarinyar, ba da faɗa ba, tana danna na'ura. "Faɗin abin da yake nufi aikin nas ne."

Sista ta koma ta naɗe tawul ta tokare ƙafar da shi. Aka zo aka cire, wai ba ya cikin tsarin da aka rubuta wa tsohon. Bayan kwana biyar diddigen ya buɗe. Ita aka ba ta riƙe ƙafar ana wanke gyambon. Ta riƙe, amma ranar ba ta ci abincin rana ba.

Makarantar da ta yi kuwa an daɗe da haɗe ta da wata kwaleji, aka kwashe kayanta zuwa wani gari. Wasiƙa uku Sista ta aika, ko ta kanta ba a bi ba. Sai ta kira ƙaninta. Auta suke ce masa, tela ne, kuma a bayanta ya girma, don ita ta goya shi. Ta karanta masa komai a waya, ta ce in an samu takardar, makarantar ce za ta sa a gidan waya da kanta.

"An gama, Yaya," ya ce.

Sau huɗu ya rufe shago ya hau mota. Zuwan farko magatakarda ba ya nan. Na biyu yana nan, ya ji shekarar da Sista ta gama, ya cire tabarau ya ce wannan sai an shiga sito. Na uku Auta da kansa ya tuɓe riga ya shiga siton, cikin karyayyun kujeru da gadajen koyon aiki, ya yini yana ɗaga rajista har ya kai ga ta ajinsu, gara ta ci gefenta amma ta bar layin Sista. Zuwa na huɗu aka buga takardar, shugaba ya sa hannu, magatakarda ya liƙe ambulan, ya buga hatimi a bakinta, ya ce ma'aikacin da ke kai wasiƙu ba ya nan, amma ga gidan waya can tsallaken titi.

Auta ya ce to. Ya tsallaka titin, ya tsaya ya dubi akwatin da ake jefa wasiƙu, ya dubi abin da ke hannunsa, ya wuce tasha.

A gidansu ba a taɓa jefa abu mai daraja cikin ramin ƙarfe an juya baya ba. Hannu ake ba wa, hannun da aka san gidan ubansa. Da ya isa gida ya sa reza ya buɗe ambulan a tsanake, don ya tabbatar ba a ɓata sunan yayarsa ba. Ya kai takardar shagon hoto aka manne ta cikin leda, kada ruwa ko gumi ya taɓa ta. Ya ɗinka mata jaka da ragowar yadi mai kyau, har da maɓalli. Sannan ya jira sati uku, har surukin maƙwabcinsa ya tashi tafiya ƙasar, ya danƙa masa hannu da hannu.

Da Sista ta ɓalle maɓallin ta ga leda tana ƙyalli, ta zauna a bakin gado. 'Yarta ta fara, "Kawu dai wallahi..." Sista ta ɗaga mata hannu ta dakatar da ita.

Duk da haka washegari ta kai takardar ofishin hukumar. Ta ciri lamba, ta zauna a kujerar roba har aka kira ta. Matar da ke bayan gilashi ta juya takardar gaba da baya, ta turo mata ita ta ƙarƙashi.

"Ba ma karɓar takardar da ta bi ta hannun mai nema."

"Ga hatimi, ga sa hannun shugaba, ga lambar wayarsu. Ki kira."

"Ba ma kira. Su ne za su aiko, a rufe."

"Tsoron me kuke yi, kada na ƙara wa kaina maki? Duba nan, ilimin magunguna, hamsin da biyu. Wanda zai yi jabu, hamsin da biyu zai ba kansa?"

Matar ta kusa murmushi, ta danne. "Na yarda da ke. Amma ba yardata ake sa wa a fayil ba. Kuma da wannan ledar ko hatimin ba a iya dubawa." Ta kalli na'urarta. "Saura sati bakwai jarrabawar harshenki ta ƙare."

A tashar bas Sista ta kira Auta. Tana jin keken ɗinki ya tsaya.

"Yaya! Ta iso? Kin ga aikin ledar? Sau biyu na sa mai shagon ya bi ta da na'ura."

"Na gani, Auta. Jakar ma ta yi kyau." Ta gyara murya. "Wata suke so."

"Wata kuma? Ci za su yi? To, a yi musu. Ita ma sai na sa mata leda."

"Wannan kada ka taɓa ta. Ka tsaya a gaban magatakarda ya liƙe, ya kai gidan waya da kansa."

"Gidan waya, Yaya? Takarda irin wannan?"

Kafin ta amsa, Auta ya gane da kansa.

"Ni na ɓata ta ke nan," ya ce a hankali.

"Ba ka ɓata komai ba. Mutane ne da suka fi yarda da yawun ambulan a kan ɗan'adam. Ka tafi gobe."

Ya tafi. Shugaban kwalejin yana hutu, sati uku, kuma babu mai sa hannu a madadinsa. Da ya dawo aka buga, aka liƙe. Magatakarda ya ba da labari daga baya cewa telan nan ya bi shi har gidan waya, hannuwansa biyu a goye a baya, ko biro aka miƙa masa bai karɓa ba.

Takardar ta iso a rufe, hatiminta garau, kwana tara bayan jarrabawar harshe ta mutu. Hukumar ta rubuto cikin ladabi cewa an karɓa, an gode, fayil ɗin zai jira sabon sakamakon harshe. A cikin harshen nasu suka rubuto, ita kuma a cikinsa ta karanta, sau biyu, ba ta nemi kowa ya fassara mata ba.

Ranar da ta koma jarrabawar tana da shekara hamsin da uku. Ta zauna a layi da ɗalibai masu jakar goyo, aka karɓi wayarta, aka duba fuskarta da hotonta. A ɓangaren baka aka shigar da ita wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya. Mai jarrabawar, wani mutum mai furfura a gemu, ya kunna na'urar ɗaukar murya, ya karanta tambayar farko daga takarda ba tare da ya ɗago ba.

"Wane aiki kike yi?"

Sista ta ɗora hannuwanta a kan tebur.

"Tsofaffi nake wa wanka," ta ce. "Kana son ka ji yadda aka yi?"

"Minti biyu gare ki."

Ta fara daga siton kwalejin. Minti biyu suka cika, ya ɗaga yatsa, ba ta ko kalli yatsan ba. Ya sauke shi, ya ajiye biro, ya bar na'urar tana ɗauka.