Bencin Baba Sale a Bakin Tsohon Otal

Ina kasuwar Naif a Dubai ina ɗaure jakunkunan da za a kai kago a tura gida, sai ga wayar Binta, babbar 'yar Baba Sale: "Yaya Nura, Baba ya rasu ɗazu da safe." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan ɗaurin kayan, ko sallamar mai shago na kasa.

Alhaji Sale yana cikin Kanawan farko da suka fara saro kaya a Dubai. Ya san Dandalin Baniyas tun yana fili mai rairayi, otal ɗaya tak a gefensa, tsofaffin jif na haya a jere, ba sa tashi sai sun cika kamar motar kasuwar ƙauye. Mai son haye ruwa kuma ya gangara ya hau abra, kwale-kwalen katako. Labarin nan na sha jin sa, har nakan ƙarasa masa, ya harare ni.

Kullum bayan la'asar yana kan bencin bakin otal ɗin, kuma da dalili. An canja wa dandalin suna, amma 'yan kasuwar da suka koma gida tsohon sunan suka riƙe, shi suke rubuta wa masu tahowa a takarda, yawancin direbobin tasi kuwa ba su san shi ba. Ni ma haka na yi ta bulayi zuwana na farko, sai da na hango shi da hular zanna a bakin otal. Ya dube ni ya ce, "Khalas, shi ke nan, ka iso gida. Ka ci abinci?"

Da ƙafa ta fara matsa masa, 'ya'yansa suka nace ya koma wurinsu unguwar Al Nahda ya huta. Ya ƙi. "In na tashi, baƙo ya zo ya tarar da wa? Jirgin ƙasan da ke sauke su a nan ba ya jin Hausa."

Kwana uku da rasuwarsa na je dandalin. Na tsaya gefen bencin, zuciyata ta karye, na kasa zama. Sai ga wata mata da akwati, takarda a hannu, duk ta jigata.

"Don Allah malam, an ce in nemi Baba Sale a nan."

Na zauna a inda yake zama. Na ce, "Hajiya, kin iso gida. Kin ci abinci?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya tarbe shi da rahama yadda ya tarbi baƙi. Allah Ya ba Binta da ƙannenta haƙurin rashi, amin.