Ranar da Yaya Ta Ɗauke Jinkarta

Na manta abubuwa da yawa saboda tsufa, amma ba zan taɓa manta ranar da aka ɗage wa baƙona rufin ɗaki yana tsakar shan fura ba.

Tun Nasara ba su zo ba ne, lokacin da fatake ke ratsa ƙauyenmu da jakuna tsakanin Maska da Malumfashi. Na lura duk wanda damina ta tsare a hanya yakan rasa masauki, sai na ce bari in gina ɗakin baƙi a ƙofar gidana in riƙa samun lada. Fili nawa ne, ƙasa ni na kwaɓa da ƙafata, amma bango na kai wuya kuɗin audugata suka ƙare. Yayata ta sayar da awakinta biyu aka yi jinka, maza suka ɗaga suka kifa a kan bango. Kawuna kuma ya kawo ƙyauren icce mai nauyi. Ba wanda ya yi zancen rabo. A lokacin gani nake 'yan'uwa ba sa irin wannan magana, ashe su suka fi bukatarta.

Baƙonmu na farko wani dattijo ne mai fataucin zannuwa. Kurkunu ya kama masa ƙafa, ya ce a nan zai yi damina. Mutum ne mai sanyin rai, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da ya cika wata guda sai ya ba ni rago, ladan masauki.

Rago ɗaya, mu uku.

Yaya ta ce, "Ƙanena, ɗaki ai rufi ne. Wa ka taɓa gani ya biya lada don ya zauna yana kallon sama?"

Kawu ya ce, "Ke yi mana shiru. Ba don ƙyaurena ba, da tuni ɓarayi sun kwashe kayan bawan Allah."

Ni kuma da rashin wayo na ce, "To Kawu, a jikin me aka kafa ƙyauren?" Na ja rago na ɗaure a gidana.

Washegari da hantsi sai ga Yaya da ƙarti shida. Suka sa kafaɗa, suka ɗaga jinka cak. Dattijo na zaune a ciki, haske ya rufe shi. Ya ɗaga kai ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗauki ƙwaryarsa ya bi bayansu yana ɗingishi.

Na ce, "Malam, ina zuwa?"

Ya ce, "Inuwa nake bi, maigida."

Yaya ta sa aka ɗora jinkar a kan gwafanni a tsakar gidanta, dattijo ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashi. Kawu na jin labari ya zo ya cire ƙyaurensa, ya kwashe ɗaurin zannuwan ya kai zaurensa, ya danne su da ƙyauren, wai tsaro har yanzu a hannunsa yake. Haka dattijo ya koma yana kwana gidan Yaya, kayansa na gidan Kawu, da safe kuma ya zo cikin bangona ya shanya ƙafa a rana don kada in ji haushi. Kullum sai ya zagaya ya gaida masu masaukinsa uku.

Muna ta kai ƙara wurin mai gari sai ruwa ya sauko, kwana biyu bai ɗauke ba. Bango ba rufi, ya sha ya ƙoshi. Ina tsaye ina kallo ya zauna a hankali kamar tsohuwa ta gaji, audugar shekara guda ta koma taɓo.

Mai gari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yanke hukunci: a yanka ragon, a ciyar da 'yan gayyar da za su sake ginin. Haka aka yi. Cinya kuwa dattijo aka ba, saboda shi ne baƙo. Ya ci, ya suɗe yatsu, ya sa mana albarka.

Bayan haka na gina ɗakuna huɗu, duk da hannun 'yan'uwa a ciki, kuma ba ɗakin da aka sake ɗage wa rufi. Abin da na koya ke nan: in za ka haɗa gini da wani, ko cikinku ɗaya, ku zauna gaban shaidu ku raba ragon tun ba a haife shi ba.